Ƙidayar Dorinai a Ƙasan Tunuga

Muna sallame sallar asuba muka gangara bakin ruwan Gaya, Talata biyu da suka wuce, mu uku a jirgi ɗaya. Da ni, mai rubutu a biro, wato ofishin gandun daji. Da wani gardi, dogarin bariki, mai jar hula da bindigar gwamnati, mutumin arewa ne, daga can inda ba a ganin ruwa sai a rijiya. Sai mai jirgin, wani tsohon Basarke, cikin masuntan kogi, da aka ce tun kafin a haife ni yake tuƙi a kogin nan. Ku da kuka gan ni na dawo bisa jaki ba takalmi kuna ta tambaya, ga yadda aka yi.

Mutanen wani ƙauye kusa da Tunuga ne suka kawo kuka bariki, wai dorinai sun yi yawa suna cinye musu shinkafa. Kumandan, Baturen mulki, ya ce shi ba ya ba da harsashi a kan ji-ta-ji-ta, a je a ƙidaya. In sun ƙaru zai aika maharba su rage su, in ba su ƙaru ba dokar hana kashe su tana nan daram. Abin da kumandan bai sani ba shi ne, wanda ya ja masu kukan kawuna ne, yayan uwata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina har aka kai ni lekol, makarantar boko, kuma har yanzu kowace kaka sai ya aiko mana da damin sabuwar shinkafa. Da na yi wa uwata sallama ba ta tsawaita ba, cewa ta yi, "Ka dai tuna tuwon wa ka ci." Da wannan magana na shiga jirgi, kuma ba ta sauka daga raina ba har muka isa.

Ruwan bana bai yi auki ba. Mu nan sau biyu kogi ke cika: jan ruwa na damina, da baƙin ruwa mai zuwa daga nesa lokacin sanyi. Jan ya zo kaɗan kamar bara, ya janye da wuri, baƙin kuwa ba labarinsa tukuna. Muka bar jirgin fiton Malanbil a bayanmu ana loda masa buhuna, ƙasar Dahome a damanmu, giginyoyi a hagu. Kafin hantsi sau biyu jirginmu ya dafe a yashi, sai da na sauka ni da tsohon muka tura. Gardi bai sauka ba, ya ce shi aikinsa riƙon bindiga. Na lura dai hannunsa ɗaya ne a bindiga, ɗayan ya ƙanƙame bakin jirgi har jijiyoyi sun tashi.

Akwai wurare a kogin nan da ba sa rasa zurfi ko da rani, Sarkawa na ce musu gurbi, nan dorinai ke yini. Duk lokacin da muka doshi gurbi sai tsohon ya tsai da tuƙi, ya ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafilin tuƙi sau uku, ya yi sallama, ya ɗan jira. Ni ɗan bakin ruwa ne, na san dalili tun ina ƙarami. Dorina tana jin bugun daga ƙasan ruwa, sai ta ɗago kai, ka ga inda take ka ba ta wuri. Wadda aka faɗo wa ba zato ita ce ke kifar da jirgi. Gardi bai san wannan ba, a gurbi na uku ya kasa haƙuri.

"Tsoho, wa kake yi wa sallama? Kifi?"

"Masu gida."

"To ina suke?"

"Sun tashi. Amma ni ban shiga ba sallama, ko sun tashi."

Gurbi biyar muka wuce a ranar, ba mu ga ko kunnen dorina ba. Tsohon yana faɗa mana waɗanda suka zauna a kowanne kamar mai lissafa maƙwabtan da suka yi ƙaura. Nan akwai wani toro mai tsagaggen kunne da matansa, can kuma wata uwa ce da ba ta taɓa ƙetare shekara biyu ba ta haihu ba. Ina rubutawa a ɗan littafina, ba kowa, ba kowa, raina kuwa ba ya so, don ba abin da na zo nema ke nan ba.

Da rana ta take muka yada zango a wani gungu, wato tsibirin tsakiyar ruwa. Na san gungun nan da burgu har iya wuya, ciyawar nan mai zaƙi da dorina ke kiwo a kai. Yanzu rabinsa kututture ne. Masu yanka sun cika jirage uku za su Gaya, dami ɗaya dala, masu dawaki da masu kiwon raguna suna wawasarsa tun a bakin ruwa. Na sunkuyar da kai, don ni ma kowace Juma'a dami biyu nake saya wa ragona. Sauran rabin kuma shanun Fulani sun shiga, wata biyu kafin lokacinsu, saboda arewa ba ciyawa bana. Wata Bafilatana ta dama mana fura da nono mai kauri, muka haɗa da muruci da gasasshen kifi. Gardi ya ci kifi uku, ya ce yanzu ya fara ganin amfanin kogi. Tsohon bai yi dariya ba, ya tsinki wani guntun burgu yana taunawa, ya ce, "Malam, dorina ba ta cin kifi, ba ta cin nama. Wanga take ci, kuma ba kaɗan ba. In gurbi ya cike da yashi ko burgu ya ƙare, ba ta zama."

Bayan la'asar muka isa ƙauyen. Kawu na tsaye bakin gaɓa tun kafin mu sauka daga jirgi, ya rame har na tsorata. Ko ruwa bai bari na sha ba ya ja ni fadama. Shinkafa ta fid da kai, ta fara nauyi, irin wadda manomi kan tsaya ya kalla ya ji daɗi. Amma daga bakin ruwa wata hanya ta ratso ta, mai faɗi, an tattake ta har laka, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar an aske shi. Ya ce sati uku ke nan ba su yi barcin kirki ba, suna hura wuta suna kaɗa gwangwani, dorinan sun ma daina kulawa. Gero bai yi ba bana, kuma bakuna goma sha huɗu ne a gidansa, duk wannan gona suke kallo.

Ina tsaye sai na gane wurin. Da ina yaro duk fadamar nan burgu ce, ni da kawu muka share ta da hannunmu shekarar da ya fara shinkafa, har lauje ya yanke ni a yatsa. Hanyar nan kuwa tana nan tun a lokacin, mu muka shuka a kanta. Ban faɗa ba.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, Allah ne ya kawo ka. Da wani anka aiko, da sai in yi ta roƙo."

Na ce, "Kawu, kamar nawa ne?"

"Sun fi arba'in. Ka rubuta arba'in, ba ka yi ƙarya ba."

Washegari da hantsi muka koma jirgi mu uku, muka nufi gurbin da ke ƙasa da ƙauyen, ba nisa da inda ƙasar da Ingilishi ke mulka ta fara. Tun daga nesa muna jin gurnaninsu. Tsohon ya ɗaga filafili zai ƙwanƙwasa, sai gardi ya riƙe masa hannu. Ya ce shi ɗan maharbi ne, ya san dabba, ba a tunkarar ta da hayaniya. In aka buga za su watse, wasu su nutse, ba za a samu ƙidaya ba. A shiga shiru a same su a tare.

Tsohon bai dubi gardi ba, ni ya duba. Ya san na sani. Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa, amma don shi nake rubuta wannan. Na so in same su a cure wuri ɗaya, kai bisa kai, yadda ido zai ga yawa, in rubuta abin da kawu ke so ba tare da zuciyata ta ce na yi ƙarya ba. Sai na ce, "Baba, yau dai a bari."

Ya ce, "To, Malam, kai ka ce." Ya cire hularsa ya cusa a bakin wando, ya mai da filafili ruwa a hankali. Da na ga ya ɓoye hula na gane ya shirya wa kifewar jirgi ne, amma girman kai ya hana ni janye maganata.

Muka sulala cikin gurbin. Gurnanin ya ɗauke ɗif. Can gaba ina hango bayan wasu kamar duwatsu, na buɗe littafi na fara, ɗaya, biyu, uku. Kusa da mu kuwa ruwa lumui, ko motsi babu. Sai na ga wani layin kumfa yana tahowa daga hagu, ƙanana ƙanana, kai tsaye wajenmu. Tsohon ya ce ƙasa-ƙasa, "Mai ɗa ce." Bai rufe baki ba jirgi ya tashi sama da mu. Na ga baki a buɗe, ja wur, da haƙora kamar taɓare, na ji katako ya ce ƙaras, daga nan sai ruwa a hancina.

Ban san yadda na yi ba, na dai san ƙafata ta taɓa yashi na rarrafa. Wani ɗan tudun yashi ne a tsakiyar kogi, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Na waiwaya na ga tsohon yana jan gardi ta ɗamara, gardi yana haɗiyar ruwa yana kiran uwarsa. Na koma har iya ƙugu na kama hannunsa muka fito da shi. Bindiga ta tafi, jar hula ta tafi, takalmana da littafina sun tafi. Jirgin ya rabu biyu, wani allo daga jikinsa ya biyo ruwa ya maƙale a yashinmu. Tsohon ya ɗauke shi ya juya shi a hannu, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Dorinar mai ɗa tana tsakaninmu da gaɓa, taku kamar ashirin, ido da kunne kawai a waje, ɗan yana manne da wuyanta. Gardi ya yunƙura zai yi ihu a kawo ɗauki, tsohon ya toshe masa baki. Ya ce kada wanda ya miƙe tsaye, kada wanda ya sa ƙafa a ruwa. Ya zauna ya ɗora allon bisa gwiwa, ya shiga ƙwanƙwasa shi da guntun filafili, sau uku, ya jira, sau uku, ya jira. Sai ga kawunan dorinai suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, ko'ina cikin gurbin, kowa na dubanmu.

Tun da nake aiki ban taɓa ƙidaya mai kyau irin ta ranar ba, don ba inda za ni. Na ƙirga daga dama, na ƙirga daga hagu, na jira suka nutse suka taso na sake. Manya goma sha ɗaya, ɗa guda. Na nemi na sha biyu har idona ya yi ruwa, babu. Na kuma ga abin da ba a gani daga gaɓa: bayansu duk sara ne, wani ya warke wani ɗanye, kuma ƙashin ƙugun uwayen ya fito.

Rana ta zo tsaka, yashi ya yi zafi har ba ya zaunuwa, ga ruwa kewaye da mu ba mai ikon taɓawa. Can sai toraye biyu suka kaure da faɗa. Suka wangame baki suka gwabza, ruwa ya yi ja, igiyarsa ta hau yashinmu ta jiƙa mu har cinya. Wanda aka kora ya yo wajenmu da gudu. Gardi ya fara kalmar shahada da ƙarfi, ni ma na bi shi a zuci. Tsohon bai fasa bugunsa ba. Toron ya tsaya, ya huro ruwa ta hanci har na ji warinsa, sannan ya karkata ya wuce. Kunnensa na dama a tsage yake.

Tsohon ya ce, "Ka gane shi? Na gurbin farko ne da munka wuce jiya." Yana magana a hankali, idonsa na kan uwar. Ya ce waɗannan su ne ragowar gurbi shida. Da kowane toro da gurbinsa da matansa da gungun da yake kiwo, yanzu toro huɗu ne a ɗaki ɗaya. Kullum faɗa, kuma in sun samu ɗa namiji sai sun kashe. Uwayen ba su ƙoshi ba balle su ɗauki ciki. Ita wannan toro ya kashe mata na bara, shi ya sa ba ta yarda da ko inuwa. Ya ce su Sarkawa sun fi kowa ji a jika, don kashin dorina ne ke kiwata kifi, hanyarta ce ke buɗe wa kifi ƙofar fadama ya shiga ya yi ƙwai, gurbin da ta tashi kuwa ko taru ka ja sai ƙanana. "Kawunka bai yi ƙarya ba," in ji shi, "abin da idonshi ya gani ya faɗi. Ba yawa sunka yi ba, ƙofar gonarshi sunka taru."

Sai bayan azahar wasu masunta ƴan Dendi daga gaɓar Dahome suka hango mu. Tun daga nesa muke jin suna ƙwanƙwasa jirginsu, ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Uwar ta tura ɗanta gaba ta matsa can cikin zurfi, su kuma suka zagayo ta bayan yashin suka kwashe mu, suna ta yi mana fofo, wato sannu, da barka.

A zauren kawu, tun rigarmu ba ta bushe ba, gardi ya matso. Ya ce in rubuta arba'in, in ba haka ba wa zai yarda ƴan dabbobi kaɗan sun raba shi da bindigar gwamnati? Kawu ya ce, "Littafin ya tafi, ɗana. Ba sauran shaida sai bakinka. Kuma ka ga abin da sunka so yi maka." Mutanen ƙauye sun cika ƙofa suna jira. Na nemi tsohon da ido, yana can gefe yana matse hularsa, bai ɗago ba.

Na ce, "Kawu, goma sha ɗaya ne, da ɗa guda."

Ya ce, "Goma sha ɗaya sunka ci min gona haka?"

"E, Kawu. Ba su da wani wurin ci ne."

Ya ce, "To ni ina da shi?"

Ya tashi ya shiga gida. An kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi kamar yadda aka saba, amma shi bai fito ya ci da mu ba.

Ran Alhamis muka biyo wasu fataken gishirin Foga da suka sauke kaya za su Gaya, suka ara mana jakuna. Hanya ta ratsa dajin giginya, ƙasa mai laushi, mata na tonon muruci a gefe. Gardi bisa jaki ba hula ba bindiga, fataken suka yi ta ce masa ranka ya daɗe suna ƙunshe dariya. Ni ban samu bakin dariya ba. Duk tsawon hanyar ina juya arba'in da goma sha ɗaya a raina, don har lokacin ban sa alƙalami a takarda ba, kuma ba wanda zai kama ni.

Na isa gida na sa takalmin aro na wuce biro. Na rubuta goma sha ɗaya da ɗa guda, da gurbi biyar da ba kowa. Na rubuta cewa ni na hana a ƙwanƙwasa jirgi, don kada laifin bindiga da na jirgin tsohon ya tsaya kan wani. Na roƙa a hana yankan burgu a gungu biyun da ke kusa da gurbin, a kuma taimaki ƙauyen da haƙa rami tsakanin ruwa da gonaki. Kumandan ya karanta, ya ce aiki ya yi kyau, ba maharbin da zai je. Zancen burgu da rami kuwa ya ce zai duba. Washegari na je bakin ruwa na tarar da jirage huɗu suna sauke burgu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Yawan dabba ba a ƙofar gona ake ganinsa ba, sai an bi kogin duka. Ruwa da ciyawa da wurin zama su ke ƙara ta, su ke rage ta, kuma in ta ragu ta matsu, a lokacin ne ta fi ɓarna, har mutum ya rantse ta yi yawa. Na daina saya wa ragona burgu, na san kuma wannan bai mai da ko zangarniya ɗaya a gonar kawu ba. Ban yi nadamar abin da na rubuta ba, amma ƙarya nake in na ce ina barci da daɗi.

Shekaranjiya wani mutumin ƙauyen ya yi sallama a gidanmu da dami a naɗe cikin tabarma, daidai girman wanda muka saba samu kowace kaka. Ya ce, "Kawunka ya ce a ba ka, rabonka ne na bana." Uwata ta karɓa ta ajiye a gabana, ta koma ɗaki. Na kwance igiyar. Karan shinkafa ne, an ɗaure shi tsaf yadda kawu ya saba ɗauri, kowane kai dorina ta gutsure shi. Na bi shi kara bayan kara har ƙasa, ban samu ƙwaya ɗaya ba.